Yadda Baba Kilo Ya Rage wa Motarsa Nauyi

Ranar da maigidana ya shigo layinmu da jar motar nan, ina tsaye a bakin ƙofa ina jiran ya dawo da tamu, wadda ya ce zai kai a duba mata burki. Tamu fara ce, mai ƙofa huɗu, tsohuwa amma mai haƙuri. Sai ga wata 'yar aba ja ta tsaya a gabana, ƙasa-ƙasa kamar an taka ta, ƙofa biyu, tana kuka kamar injin niƙa. Na sunkuya zan ce wa direban ya matsa daga ƙofar mutane, sai na ga mijina ne a ciki, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa.

Na ce, "Ina motarmu?"

"Ga ta nan kina kallo."

"Baban Auta, tamu fara ce."

"An yi musanya. Wannan motar tsere ce, Maman Auta. A wurin waɗanda suka san mota, tsayawa ake yi in za ta wuce."

Fitowarsa ta ɗauki lokaci. Sai da ya fara fito da ƙafa ɗaya, ya dafa ƙasa da tafin hannu, sannan sauran jikin ya biyo baya. Ya miƙe yana kakkaɓe wando, wai mu ɗauka haka masu irin motar suke fitowa.

Ga wanda bai san shi ba, mijina ya yi shekara talatin a siton wani kamfani yana auna buhuna. Ya ajiye aiki amma bai ajiye awo ba. Kankana in ta shigo gidan nan sai ta hau sikeli, haka jakar hannuna, haka kyanwar maƙwabta in ta yi sake. Shi ya sa duk layin ake ce masa Baba Kilo, shi kuma yana amsawa da fara'a don a zatonsa girmamawa ce.

Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Auta, 'yarmu ta ƙarshe, tana ɗauke da cikinta na fari kuma ya tsufa. Mijinta yana aiki a wani gari mai nisa, don haka ta dawo wurinmu har ta sauka. Asibiti kuwa yana bayan tudun da ke ƙarshen layinmu, sai ka hau ka wuce tankin ruwa. Jakar haihuwa na daɗe da haɗa ta, na ajiye a bayan ƙofa, kullum sai na buɗe na sake dubawa ko wani abu ya gudu.

Na ce, "In naƙuda ta tashi, a ina za mu sa yarinyar nan?"

Ya buɗe ɗaya ƙofar. "Ga kujera a gefena."

"Ni fa?"

"Ke sai ki biyo mu da addu'a."

Na danna kujerar da hannu. Gaskiya tana da laushi, kuma tana kwantawa baya. Auta ta fito tana dafe da ƙugu, ta gwada, ta ce ba laifi. Sai na tsare shi a gaban 'yarsa na ce, "Ka yi duk abin da za ka yi da motarka, ban hana ka ba. Amma kujerar nan ta Auta ce. Kada ka taɓa ta."

Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce ko ƙura ba zai kaɗe mata ba sai da izinina.

Da abin ya tsaya nan, da Mai Kemis bai buɗe baki ba. Shagonsa yana kallon ƙofarmu, kuma shi da mijina tun suna samari ba su taɓa haɗuwa a kan magana ɗaya ba, ko da kuwa maganar za a yi ruwa yau ce ko ba za a yi ba. Motarsa baƙa ce, ƙatuwa, da labule a gilashin baya da iyakwandishan mai sa haƙora rawa. Mutanen layi suna ce mata Falo.

Ya tsallako, ya zagaya jar motar hannu a baya, sannan ya ce, "Baba Kilo, takalmin ya yi kyau. Ina ɗaya ƙafar?"

"Yi dariyarka. Taka ai ɗaki ne aka sa wa taya. Mota ba da girma take gudu ba, da rashin nauyi take gudu. Duk kilo ɗaya da ka ɗora mata, ka ɗaure mata ƙafa ne."

"To ai kai kaɗai ka ɗaure mata duka huɗun."

Tela yana wurin, ya kawo mini ɗinki. Shi kuwa in ya ga mutum biyu sun fara, ba ya raba su, kujera yake nema. Nan take ya ce a daina ɓata yawu, a yi tsere ranar Asabar ta ƙarshen wata, daga gindin tudu zuwa tankin ruwa. A gindin tudun nan, daura da shagon Tela, akwai wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa, suna da ƙaton sikeli wanda mota take hawa. Mijina da ya ji an ambaci sikeli sai idonsa ya yi haske. A ranar ya kai motar aka auna a gaban jama'a. Kilo ɗari tara da hamsin.

Ya juya ya fuskanci mutane. "Ku riƙe wannan a ka. Ranar tsere za a sake aunawa, za ku ga ɗari takwas. In na ga dama ma ƙasa da haka."

Washegari aka fara.

Rediyo ce ta fara fita. Ya ce mai tsere ba ya sauraron labarai, shi ne labarin. Sai kafet, sai safaya, sai rufin ciki, sai madubin gefe. Duk abin da ya ciro sai ya rataya shi a sikelinsa na tsakar gida, ya ƙwala mini kira in zo in shaida.

"Maman Auta, kilo goma sha ɗaya. Kin ga abin da ake sa baiwar Allah tana ɗauka?"

"Safaya ce fa. In taya ta fashe?"

"Taya nauyi ne yake fasa ta. Ba nauyi, ba fashewa."

Ya kira Mai Walda suka zare iyakwandishan. Suka cire gilasan ƙofa, suka manna roba mai kauri, aka bar wata 'yar kafa daidai bakinsa don shan iska. Ya cire ham. Ya cire abin da ke nuna yawan mai. Ya cire fankar lagireto, ya ce iska kyauta ce, in kana gudu da kanta za ta shigo. Ya cire burkin hannu, ya ce wannan na matsorata ne. Da ya kai kan hannayen ƙofa na ciki, har Auta sai da ta yi magana daga inda take zaune tana ɓare lemo.

"Baba, ta yaya za ka fito?"

"Na waje suna nan. Wanda ya ci tsere ba shi yake buɗe wa kansa ƙofa ba, 'yata."

Ni dai kullum da safe kafin in ɗora shayi sai na leƙa ta robar nan. In na ga kujerar tana nan, sai in ji zuciyata ta koma wurinta.

Da ya fara fita gwaji ne motar ta fara ba shi amsa.

Rannan ya dawo, Tela da ke wucewa ya buɗe masa ƙofa, ya shigo gida yana ba ni labarin yadda ya bar wani mai babur a baya. Na miƙa masa shayi, bai kai ga kurɓa ta biyu ba muka ji ƙara. Motar ta ga ba abin da ya riƙe ta, ta tsallaka titi a hankali ta jingina da bencin Mai Kemis. Muka fito muka tarar da shi a tsaye a kanta da farar rigarsa.

Ya ce, "Ta zo sayen maganin ƙarin jini. Na ce mata sai da takardar likita."

Daga ranar mijina ya sa bulo biyu a mota, na tare taya.

Bayan kwana kaɗan cunkoso ya riƙe shi a bakin kasuwa. Iskar da ya ce za ta shigo da kanta ba ta zo ba. Bonet ya fara hayaƙi kamar tukunya, shi kuma yana ciki ba hanyar fita, yana kiran mutane ta 'yar kafar nan. Wata mai sayar da tumatir ce ta buɗe masa. Ya dawo gida kamar an tsamo shi daga rijiya. Aka ƙara jarka biyu na ruwa.

Sai mai ya ƙare masa a gaban makaranta daidai lokacin tashi, aka ƙara jarkar mai. Sai wani mai tura kura ya tare masa hanya, ya yi ta ihu ta kafa mutumin bai ji ba. Ya je wurin Mai Walda ya samo guntun ƙarfe irin wanda ake bugawa a makaranta, ya rataya a kusa da sitiyari, yana buga shi da sifana. Mutanen waje suna ji kaɗan-kaɗan. Shi da ke ciki kuwa, in ya dawo sai na maimaita masa magana sau biyu.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na ranar da aka yi yayyafi. Ya fita zuwa mahaɗar titi, ya karya kwana, bayan motar da ba komai a cikinsa ya zame, ta juya gaba ɗaya ta fuskanci gida. Tela da ya gani da idonsa ya ce bai taɓa ganin mota mai son gida kamar wannan ba. Mijina ya ce da gangan ya yi, salon 'yan tsere ne. Amma da yamma na ga ana loda buhun yashi a but. Daga baya akwatin sifanoni ya shiga, don tun da aka fara kwance-kwance kullum sai wani abu ya faɗo. Sarƙar ja ma ta shiga, don masu taimako sun fara cewa ba su da igiya.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba, amma na san in ka kwashe ruwa a bokiti ka zuba yashi, bokitin bai huta ba. Na same shi yana goge fitila na ce, "Baban Auta, waɗannan da kake zubawa fa, ban ga ka kira ni shaida ba."

Ya dube ni da tausayi. "Waɗannan ba mota ba ne, kayan aiki ne. Mu a sito ba ma lissafa nauyin buhu, sai abin da ke cikinsa. Ilimi ne, Maman Auta, shekara talatin."

"To ita motar ta san da haka?"

Ya ce in je in duba girkina.

Ana gobe tsere na tafi kasuwa. Da na dawo, kafin in ajiye kaya na leƙa ta robar. Kusa da mazaunin direba babu komai sai ƙarfe tsirara, da bulo biyu a kwance inda kujera take. Ledar da ke hannuna ta faɗi, albasa ta bi layi.

Na shiga falo na tarar da kujerar a gaban talabijin, Auta a kanta ta kwantar da ita baya, ƙafafunta a kan ɗan tebur. Uban yana gefe yana shan ruwa, bai yarda mun haɗa ido ba.

Na ce, "Ka ɗora hannu a ƙirji."

"Aro na yi. Kilo goma sha shida ce fa. Gobe ana gama tsere zan mayar."

"Tashi ka mayar yanzu."

Ya yi gyaran murya. Ashe notocin sun yi tsatsa sun ƙi kwancewa, Mai Walda ya yanke su da wuta. Mayarwa sai an yi sabuwar walda.

"Likita ya ce da sauran sati biyu," in ji shi.

"Shi na cikin ya karanta takardar likita?"

Auta ta ce, "Mama, bar shi. Tun da na yi nauyi ban sami wurin zama irin wannan ba. Ni da za a bar mini ita a nan ma."

"Kin ji," in ji uban. "Ita mai kujerar ba ta yi ƙorafi ba."

Na je na buɗe jakar haihuwa na sake dubawa.

Safiyar Asabar layinmu kaf ya gangara gindin tudu. Auta ta ce ko za a ɗauke ta ne sai ta je kallo. Na hana, na yi faɗa, na ce rana, na ce turereniya. A ƙarshe Tela da Mai Walda suka ɗauki kujerar suka kai barandar shagon Tela, ita kuma ta bi su a hankali. Ni na biyo ta da jakar a kafaɗa. Wata maƙwabciya ta tambaye ni ko tafiya zan yi, na ce mata nauyin jakar ne yake kwantar mini da hankali. Mai Burodi ma ya gama rabonsa, ya faka motarsa a gefe ya hau kan bonet yana jira.

Mijina ya iso yana taka mai, motar tana ruri, yana buga ƙarfensa. Ya hau da ita kan sikeli. Aka buɗe masa ya fito da salon nan nasa na dafa ƙasa, ya tsaya ya harɗe hannu.

"Mai awo, faɗa da ƙarfi. Akwai masu kemis a wurin, kunnensu ya saba da sanyi."

Mai awo ya duba. Ya goge gilashin sikelin da hannun riga ya sake dubawa.

"Ɗari tara da hamsin da bakwai."

Wurin ya yi tsit. Wata akuya ce kawai ta yi magana.

"Sikelinka ya lalace," in ji mijina.

"Baba, shi ne wanda ka yaba rannan. Har ka ce irinsa kuke da shi a sito."

Tela ya juyo wurina. "Maman Auta, wata guda ana sa ta rama, ashe ƙiba take yi. Me kike ba ta a ɓoye?"

Sai dariya ta fashe. Mijina ya ɗaga hannu yana bayani, cewa sai an cire nauyin kayan aiki, cewa a sito ba a lissafa buhu. Mai Kemis ya bari ya gama tsaf sannan ya ce, "Gaskiyarka. To je ka gaya wa tudun kada ya lissafa."

Tela ya ce in yana so a sauke kayan. Mijina ya dubi bulo, ya dubi tudu. Ya dubi jarkoki, ya dubi rana. Ya dubi buhun yashi, ya tuna ranar yayyafi. Ya ce a bar su, ko da kaya zai ba Falo rata.

Aka jera su. Mai Kemis ya ɗaga gilasai, ya kunna sanyi, ya ƙure rediyo. Mijina kuwa tun da aka rufe shi yake taka mai a tsaye don mutane su ji murya. Tela ya ɗaga wani ƙyallen atamfa ya sake shi.

Zan faɗi gaskiya, farkon ya yi kyau. Jar motar ta yi tsalle ta bar Falo a baya, har na ji bakina yana cewa, "Haka ne, Baban Auta." Amma da hawan ya fara tsanani sai muryarta ta canja. Falo ta zo ta wuce ta a hankali, kamar mai zuwa gaishe da surukai. Jar ta daure ta kai daidai inda hanyar ta matse tsakanin katanga da kwata, ta yi tari, ta saki farin hayaƙi, ta tsaya cik.

Daga ƙasa muna jin ƙarfe yana kuka, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Ƙafarsa tana kan burki, in ya ɗaga za ta gangaro. Bulon da zai tare ta yana gefensa a cikin mota. Ƙofar kuma sai daga waje.

Auta tana dariya har da hawaye. Can sai na ji ta kama wuyan hannuna, kamun da ba na dariya ba.

"Mama."

Na dubi fuskarta, na dubi ƙasan kujerar. Faya ta fashe.

Ban san irin muryar da na yi ba, amma Tela ya ce har keken ɗinkinsa sai da ya motsa. Mutane suka juya suna ɗaga wa Mai Kemis hannu, suna kira ya dawo. Shi kuwa ya hango hannaye a madubi ya ɗauka murna ake taya shi. Ya kunna fitilu sau biyu don godiya, ya wuce tankin ya ɓace. Aka kira wayarsa, rediyo ta hana shi ji. Ga mota mai kujeru biyar masu laushi, ta tafi da mutum ɗaya da labule.

Mai Burodi ya diro. "Ku kawo ta tawa."

Na leƙa gaba. Babu kujerar gefe, sai tiren burodi.

"Na cire ta tun bara," in ji shi yana sosa kai. "Don kaya."

Na ce, "Wai ku mazan layin nan me kujera ta yi muku?"

Auta ce ta warware, tana cije leɓe. "Ku ɗauke ni da wannan."

Haka aka yi. Mutum huɗu suka ɗaga ta da kujerar gaba ɗaya suka sa a bayan motar burodi. Mai Walda ya ɗaure ƙafafun kujerar da igiyar kaya, Tela ya tura damin yadi ta gefe don kada ta girgiza. Na zauna a ƙasa a kan jakata ina riƙe da hannunta, ƙamshin burodi ya cika mana hanci. Muka fara hawa.

Sai ga jar mota a tsakiyar hanya, ba gaba ba baya.

Maza suka ruga. Suka gwada turawa sama, ta ƙi. Baya kuwa mu ne da jama'a. Wani ya ce a ɗauke ta kawai. Suka kama, ko motsi. Sai Mai Walda ya buɗe ƙofar gefe da but, aka fara fito da kaya ana miƙawa hannu da hannu: bulo, jarka, jarka, jarka, sarƙa, akwatin sifanoni, buhun yashi. Aka mayar da ƙofa aka rufe don kada ta bugi katanga. Suka sake kamawa. Wannan karon ta tashi sama da mijina a cikinta, suka ajiye ta a wani ɗan fili a ƙofar gidan mutane, suka danna mata bulo.

Shi bai san abin da ake ciki ba. Ya manna baki a kafar robar yana cewa, "Kun gani ko? Kun ga amfanin rashin nauyi? Da Falo ce sai an kira katafila."

Daidai nan muka zo wucewa. Ƙofar bayan motar burodi a buɗe take, ya hango kujerarsa, ya hango Auta a kai, ya hango ni.

Na ce, "'Yarka ce, Baban Auta. Ba ta jira sati biyun ba."

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya kai hannu inda hannun ƙofa yake a da, ya shafa ƙarfe. Mutane kuwa duk sun biyo mu a guje, ba wanda ya tuna da shi. Har muka kai tankin ruwa ina jin ƙarfen nan yana kira a bayanmu.

A asibiti da kujerar aka shigar da ita har bakin ɗakin haihuwa, don ta ƙi sauka. Wata nas ta tambaya ko haɗari aka yi. Na ce a'a, tsere aka yi. Ta dube ni ta ce in zauna in sha ruwa.

Ina zaune a benci ina addu'a sai ga su sun shigo, mijina a gaba, Mai Kemis a baya. Ashe da ya gama zagayen murnarsa ya dawo, shi ya tarar da abokin hamayyarsa a kulle, ya buɗe masa ya ɗauko shi.

Mai Kemis ya sunkuyo ya ce mini, "A hanya ya ce sanyin ya yi yawa, ɓarna ce. Da na kai hannu zan kashe sai ya riƙe mini hannu."

Mijina ya zauna a gefena, hular a hannu, yana murza ta. Mun daɗe a haka. Sai da rana ta karkata nas ta fito ta ce an sauka lafiya, mace ce, uwa da 'ya kalau. Nas ta ƙara da cewa jaririyar kilo uku da rabi ce.

Mijina ya ɗago kai. "Da zani ko ba zani?"

Na taka masa ƙafa.

Da aka miƙa masa ita, ya karɓa da hannu biyu. Na ga ya ɗan ɗaga ta ya sauke, yadda yake yi wa kankana. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga idonsa ya cika, na ƙyale shi.

Ranar da aka sallame su, na fito da jaka na tarar da jar mota a bakin asibiti. An mayar da kujerar da sabuwar walda, an ɗora mata filo biyu daga gadonmu. Kafet ya dawo. Gilasai sun dawo, ko da yake ɗaya ba ya sauka. Burkin hannu yana wurinsa. Akwai wata 'yar fanka da aka ɗaure da waya tana kallon inda Auta za ta zauna. Hannayen ƙofa ma sun dawo, sai dai a juye aka ɗaura su.

Na ce, "Yanzu kilo nawa ce?"

Ya gyara filo. "Ban auna ba."

Auta ta shiga da jaririya a ƙirji. Na tsaya da jakata na ce, "Ni fa?" Mai Kemis ya buɗe mini ƙofar Falo. Na shiga na jingina, kuma ba zan ɓoye ba, ban yi kewar kowa ba.

Jar ce a gaba muka kama gangara. Mijina yana tafiya kamar wanda ya ɗauko tiren ƙwai a ka. Wani mai keke ya wuce mu, ya waiwayo ya tambaya ko lafiya. Hanyar a matse take, ba damar wucewa, Mai Kemis yana danna ham yana cewa sanyin motarsa zai ƙare kafin mu isa. Daga gaba sai mu ji ƙwal ɗaya, a hankali, don kada jaririya ta farka.

Da muka iso gindin tudu, Tela yana baranda. Mijina ya tsaya daidai gaban sikeli, ya ja burkin hannu, ya yi ta fama da hannun ƙofar har ya gano ta inda take buɗewa. Ya fito da ƙafa ɗaya, ya dafa ƙasa, ya miƙe. Ya waiwaya ya dubi Falo da ke tsayawa a bayansa.

Ya ce, "Tela, ka shaida. Na riga shi."